Nasiha Ga Mai Koyon Aikin Akanta Yana Kuma Neman Jarrabawa

Zuwa ga samari da 'yan mata na ƙasar Gwarzo da Kabo, waɗanda Allah Ya nufa da koyon aikin lissafin kuɗi, ko a baitulmalin ƙaramar hukuma, ko a ofishin kuɗi na asibiti ko na makaranta, ko kuwa a gaban wani attajiri mai sayen hatsi a kasuwar Getso, suka kuma ɗaura niyyar haɗa wannan aiki da neman takardar shaidar ƙwarewa. Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku, domin akwai wata magana da ta yawaita a bakinku, wadda in ba a tsaya an warware ta ba za ta karya gwiwar da yawa daga cikinku tun tafiya ba ta yi nisa ba, watau cewar da kuke yi aiki ya hana ku karatu, karatu kuma ya hana ku sakewa a wurin aiki, har waɗansu su rufe zancen da cewa ai taura biyu ba ta taunuwa.

Ba na musun wahalar, domin wanda ya yini yana bin lambobi da ido tun hantsi har la'asar sakaliya, sa'an nan aka ce ya dawo gida ya buɗe littafin da babu kome cikinsa sai waɗansu lambobin, haƙiƙa an ɗora masa nauyi. Amma ina so ku sani wannan sana'a tun asalinta a ƙasarmu a haka ake koyonta. Lokacin da aka tsara baitulmalin En'e a Katsina da Kano a wajejen shekarar 1910, malaman da aka fara danƙa wa littattafan haraji da jangali ba wata kwalejin lissafi suka fito ba, a gindin Ma'aji suka zauna suna kwafe rasit suna ƙirga sulalla har hannunsu ya faɗa. Waɗanda suka biyo bayansu kuwa, masu himma daga cikinsu, ta gidan waya suke karɓar darasi daga makarantun Ingila irin su Wolsey Hall da Rapid Results, su amsa tambaya a hasken aci-balbal, su aika, su jira amsa makonni. Akintola Williams, wanda shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami cikakkiyar shaidar akanta a 1949, sai da ya yi zaman horo a ofishin waɗansu a Ingila yana aiki yana karatu, kafin ya dawo ya buɗe nasa a Ikko a 1952, ya kuma zama shugaban farko na cibiyar ICAN wadda doka ta kafa a 1965.  Ga kuma ƙungiyar ANAN, wadda aka kafa a 1979 ta sami amincewar doka a 1993, mai kwalejinta a kusa da Jos. Duk ta ƙofar da mutum ya so shiga, zai tarar an shar'anta masa abu biyu, sani da gogewa, ba a kuwa karɓar ɗaya a madadin ɗaya.

Galibinku ta jarrabawar ATSWA kuke farawa, wadda ake yi bai ɗaya a ƙasashen Afirka ta Yamma. Matakai uku ce, kowane mataki darussa huɗu, ana zaunawa sau biyu a shekara, Maris da Satumba, ba a kuma haye darasi sai an sami maki 50 cikin 100. To, a nan ne nake so ku tsaya ku yi tadabburi, domin mafi yawan waɗanda ke faɗuwa ba ƙarancin fahimta ya kada su ba, rashin duban kalanda ne tun da wuri.

Dubi zaman Maris. Shekarar kuɗi ta gwamnati, wadda a dā take farawa 1 ga Afrilu, tun farkon shekarun 1980 aka mai da ita daga Janairu zuwa Disamba. Ma'anar haka ita ce watannin Janairu da Fabrairu, waɗanda ɗalibi ya fi bukata domin muraja'a, su ne ainihin watannin da ofis yake rufe littattafan bara, yake haɗa bayanin harajin albashin ma'aikata da ake miƙawa kafin ƙarshen Janairu, yake kuma shirin tarbar masu binciken kuɗi. Ƙari a kan wannan, a 2024 da 2025 azumin Ramalana ya faɗo cikin Maris, kuma da yake yana ja da baya da misalin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, zai ɗauki shekaru yana cikin watannin shirin nan kafin ya fita. Dubi kuma zaman Satumba. Wane ne a Gwarzo ko Kabo ko Garo ko Kutama da ba shi da gona, ko tasa ko ta gandu? Yuni da Yuli shuka ce da noman firi da maimai da zuba taki, Agusta ga marka, Satumba kuwa gero ya isa girbi, gyaɗa da masara suna biye. Sa'an nan kowane wata, ba tare da fashi ba, akwai kwanakin haɗa albashi a ƙarshensa, akwai biyan harajin albashi kafin 10 ga wata mai kamawa, akwai harajin kaya kafin 21, bisa ƙa'idar da aka daɗe a kanta.

Saboda haka abu na farko da nake yi muku wasiyya da shi shi ne, ranar da kuka yi niyyar yin rajista, kafin ku biya ko kwabo, ku ɗauko kalanda ku soke duk kwanakin da kuka san ba naku ba ne: makon albashi, makon rufe shekara, kwanakin gona, goman ƙarshe na azumi, sallah ƙarama da babba. Abin da ya rage shi ne jarinku na gaskiya, kuma akanta ba ya ƙulla ciniki a kan jarin da bai ƙirga ba. In kun ga abin da ya rage ba zai ɗauki darussan ba, ɗaga zama zuwa karo na gaba ba abin kunya ba ne, ya fi a zuba kuɗin rajista a shiga zaure da fatan sa'a.

Yanzu sai mas'alar da ta fi kowace nauyi a wurina, watau haƙƙin wanda kuke yi wa aiki. Malamanmu na fiƙihu, a babin ijara, sun rarrabe tsakanin wanda aka yi jinga da shi a kan wani aiki sananne, kamar maɗinki ko magini, da wanda aka ɗauka a kan lokaci, wanda sa'o'insa na yini sun zama mallakar mai biyansa muddin yarjejeniyar tana nan. Mai koyon akanta yana cikin kashi na biyu. Idan ya ɓoye littafin jarrabawa a ƙarƙashin babban littafin ofis yana leƙawa, alhali ga takardun biya sun taru suna jiransa, ga tsohon ma'aikaci zaune a benci tun safe yana jiran a sa hannu a haƙƙinsa, to ya ci abin da ba nasa ba, ko da kuwa babu wanda ya gan shi. Abin da ya fi ba ni tsoro a nan shi ne ɗabi'ar da za ta ginu, domin aikin akanta gaba ɗayansa amana ce. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma sharaɗin da ta gindaya wa marubuci shi ne adalci. Yaron da ya saba satar sa'a guda daga maigidansa yana ba kansa uzuri, ranar da aka ba shi mabuɗin asusu uzurin ba zai yi masa wuyar samu ba.

Mafita kuwa mai sauƙi ce, sai dai tana bukatar ƙarfin hali: a nemi izini a sarari. Ka sami Ma'aji ko maigidanka lokacin da hankalinsa yake kwance, ba ranar albashi ba, wata uku kafin jarrabawa ba saura kwana uku ba, ka rusuna ka ce, "Ranka ya daɗe, na yi rajistar zaman Satumba. Ina roƙon a haɗa mini hutuna na shekara a mako biyun da ke gaban jarrabawar, ni kuma zan tabbatar na gama haɗa lissafin Agusta kafin in tafi, na kuma nuna wa wane inda kome yake." Babba wanda aka zo masa da irin wannan magana, ga rana ga wata ga kuma wanda zai riƙe aiki, da wuya ya hana, musamman da yake shi ma ta wannan hanya ya biyo. Wanda ake hanawa galibi shi ne wanda ya ɓace ranar Litinin ya aiko a ce zazzaɓi ya kama shi.

In kun tsare wannan haƙƙi, sai ku tarar da wata fa'ida da ɗalibin da ke zaune a aji kawai ba shi da ita, watau teburin ofis shi kansa makaranta ne. Bari in kawo misali. A ce ƙarshen wata ya yi, ka haɗa jimlar ɓangaren hagu da ta dama a takardar gwajin balas, sai ka ga sun saɓa da naira 4,500. Wanda bai ƙware ba zai koma shafi na ɗaya ya fara bi layi layi har magariba. Wanda ya zauna kusa da tsohon akawu ya buɗe kunnensa kuwa, zai fara raba bambancin da 9, in ya rabu ba saura, kamar yadda 4,500 ta ba da 500 cif, sai ya zargi an juya lambobi ne, ya nemi inda aka rubuta 2,700 a maimakon 7,200. In bai rabu ba, sai ya raba shi biyu ya nemi wannan rabin, domin adadin da aka shigar a ɓangaren da ba nasa ba ninki biyu yake fitowa. Wannan da kake yi da gumi a ofis, shi ne babin gyaran kurakurai da za a tambaye ka a matakin farko. Haka nan ranar da aka ba ka takardar banki aka ce ka daidaita ta da littafin kuɗi, ka gano cakin da aka rubuta wa ɗan kwangila ranar 29 bai kai banki ba sai 3 ga wata, ka gano ladan da banki ya cire ba a shigar ba, to ka yi darasi guda cikakke, kuma an biya ka a kansa.

Wanda ke baitulmalin ƙaramar hukuma, darasin lissafin hukumomin gwamnati na mataki na biyu a gabansa yake kwance kullum: kasafin kuɗi, da izinin kashewa, da littafin da ake rage kowane kaso a cikinsa. Wanda ke wurin ɗan kasuwa kuwa, kada ya raina wurinsa. In Alhaji ya sayi dawa buhu ɗari da kaka, ya ƙara ɗari bayan sallah a wani farashi, ya sayar da ɗari da hamsin da bazara, tambayar da zai yi maka, "Yaro, nawa muka ci?", ita ce mas'alar ƙiyasta kuɗin kayan da suka rage a sito, wadda malaman lissafi suka yi wa babi guda. In ya sayi injin ban ruwa naira 600,000 domin lambunsa na bakin madatsar Guzuguzu, kana ganin zai yi shekara biyar, ka rarraba masa 120,000 a kowace shekara, ka fahimci ragin darajar kadara fiye da wanda ya haddace ta'arifinsa. Abin da ake bukata kawai shi ne ka riƙe ɗan littafi a aljihu, duk abin da ya ratsa hannunka da rana wanda ba ka san hujjarsa ba ka rubuta, da dare ka nemi babinsa. Ka kuma roƙi a riƙa sauya maka tebur, kada ka shekara uku kana rubuta rasit kaɗai.

Sai dai akwai tarko a nan, ba zan ɓoye muku ba. Ba duk abin da ake yi a ofis ne daidai ba, kuma mai gyaran takarda ƙa'ida yake nema, ba al'adar ofishinku ba. In ka ga ana biya kafin a rubuta takarda, ko ana sa hannu a madadin wanda ba ya nan, ka sani wannan ba ya cikin littafi, kada ka ɗauke shi zuwa zauren jarrabawa, kada kuma ka ɗauke shi zuwa rayuwarka.

Game da lokacin muɗala'a, magabata sun riga sun yi mana aikin. Shehu Zarnuji, mai littafin Ta'alimul Muta'allim da ake karantawa a zaurukanmu, ya fifita lokacin sahur da tsakanin magariba da lisha, kuma ban ga abin da zamani ya sauya a wannan ba. Ma'aikacin da ya dawo a gajiye ya ce zai raba dare yana karatu, kwana uku zai yi ya watsar, ko kuwa ya je ofis yana gyangyaɗi ya shigar da kuɗin wani a sunan wani. Amma sa'a guda da rabi bayan sallar asuba, kafin gari ya waye a fara sallama, ƙwaƙwalwa tana sabuwa, ita ce ta darussan lissafi masu bukatar alƙalami. Bayan lisha kuwa a bar wa masu bukatar karatu da maimaitawa, irin su dokar kasuwanci da tattalin arziki. Yadda almajiri ba ya wanke allo sai ya kawar da abin da ke kai, haka kai ma kada ka bar babi sai ka rufe littafi ka warware tambayoyinsa da hannunka, da agogo a gabanka, domin lissafi ba a koyonsa da ido. Ka tanadi fitila mai caji, kada ka rataya karatunka a kan wutar lantarki. Waya kuma, wadda a cikinta za ka sauko da littattafan darussan daga shafin cibiyar ICAN a intanet, ita ce dai za ta cinye maka sa'ar asubar in ba ka kashe ta ba.

Ku kula da Turanci. Yaro zai san lissafi sarai, a tambaye shi ya bayyana sai ya lissafa, a ce ya kwatanta sai ya jero, maki ya zube a banza. Ku haɗu ku uku ko huɗu ranar Asabar, a wani aji na firamare ko a zauren ɗayanku, kowa ya warware wa 'yan'uwansa babi guda da Hausa har su gamsu, sa'an nan kowa ya rubuta shi da Turanci a musanya takardu. Abin da ba ka iya faɗa da harshenka ba, ba ka gane shi ba tukuna. Ku kuma yi hattara da tsofaffin littattafan gado, musamman na haraji: harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100 a 2020, an kuma sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a 2025, wanda ya riƙe littafin yayansa zai amsa tambayar bana da dokar da aka shafe.

Akwai kuma haƙƙin gida, wanda littattafan Turawa ba su san da shi ba. A garuruwanmu mutum ba ya rufe ƙofa ya ce yana karatu alhali ana jana'iza a unguwa, ban kuwa ce ku yi haka ba, domin zumunci wajibi ne, jarrabawa kuwa ana sake ta. Amma ku rarrabe tsakanin wajibi da abin da al'ada kawai ta ɗora. Sallar gawa da gaisuwar mara lafiya da kiran iyaye ba a ɗaga su. Zaman majalisa har sha biyun dare, da rakiyar ango gari uku, da kallon ƙwallo, waɗannan suna jira. Ku zauna da iyaye ku gaya musu gaskiya: "Baba, wata biyun nan ina neman a yi mini afuwar gona ranar Asabar, zan biya ɗan ƙwadago ya tsaya a madadina." Iyaye in sun san abin da ake ciki, albarkar da za su sa ta fi sa'o'in da aka nema. Ku kuma 'yan mata da matan aure, na san naku nauyin ya ninka, ga girki ga reno ga aiki, saboda haka ku nemi yardar maigida da taimakon 'yan'uwa tun kafin rajista, ku ɗauki abin da za ku iya, ko da tafiyar za ta fi ta maza tsawo. Ƙasar nan tana bukatarku a ofisoshin kuɗi na asibitoci da makarantun mata, kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, bukatar masu riƙe littafi da sani da tsoron Allah a ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano sai ƙaruwa za ta yi. Ƙasar da ta fitar da marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air a 1980, bai kamata a ce sai ta yi aron masu lissafi daga wani wuri ba.

In ranar ta matso, kada wanda ya ce zai taso daga Gwarzo da asubar ranar jarrabawa. Tafiyar misalin kilomita 70 ce, ta Rimin Gado da Janguza har Kabuga, mota kuwa sai ta cika take tashi, ga cunkoson shiga gari. Ka sauka a Kano tun jajibiri wurin ɗan'uwa, ka je ka ga zauren da idonka, ka haɗa katinka da alƙalumanka da na'urar lissafi, ka kwanta da wuri. Duk wanda ya zo maka da zancen yana da tambayoyin gobe, ka guje shi, domin ko da gaskiya ya faɗa, shaidar da aka samu ta haka za ta zaunar da kai a kujerar da ba za ka iya riƙewa ba.

Mai yiwuwa ne kuma sakamako ya fito ka ga ka faɗi darasi ɗaya ko biyu. Wannan ya sami manyan akantoci da yawa da kuke jin sunansu, sai a yi haƙuri a karɓi ƙaddara, amma kada a tsaya nan. Cibiyar ICAN tana fitar da mujallar da take ɗauke da tambayoyin kowane zama da amsoshinsu da sharhin masu gyaran takarda, Insight ga 'yan ATSWA, Pathfinder ga na gaba da su, ka nemo ta ka zauna da ita ka gano a wace tambaya ka zame, ko rashin sani ne, ko rashin fahimtar abin da aka tambaya, ko kuwa lokaci ne ya ƙare maka. Sa'an nan ranar Litinin ka shiga ofis da wuri, ka sami Ma'aji kafin mutane su taru, ka gaya masa da bakinka tun bai ji a wani wuri ba: "Ranka ya daɗe, uku sun fita, lissafin hukumomin gwamnati ya rage. Ina roƙon a mai da ni teburin kasafin kuɗi daga nan zuwa Maris."